“Ai Kowa Ya Tuna” Ba Hujja Ba Ce

A wannan wata za mu tattauna a kan wani abin mamaki game da ƙwaƙwalwar ɗan Adam, wato yadda dubban mutanen da ba su san juna ba sukan tuna abu ɗaya daidai wa daida, alhali kuwa abin bai taɓa faruwa ba.

Turawa sun laƙaba wa wannan al'amari sunan Nelson Mandela. Dalili kuwa shi ne, a shekarar 2009 wata Ba'amurkiya mai suna Fiona Broome ta lura cewa ita da mutane da yawa sun haƙiƙance Mandela ya rasu a kurkuku tun cikin shekarun 1980, wasu har suna cewa sun kalli jana'izarsa a talabijin. Mu kuwa mun san an sake shi ranar 11 ga Fabrairu, 1990, bayan shekara 27 a tsare, ya zama shugaban Afirka ta Kudu a 1994, bai rasu ba sai ranar 5 ga Disamba, 2013. Wanda ya mutu a hannun 'yan sandan wariyar launin fata shi ne Steve Biko, a 1977. Ta yiwu labarin mutum biyun ne ya cakuɗe wa mutanen nesa.

Irin wannan ruɗu ya fi yawa a kan tambarin kayan masarufi. Duk mai shiga kasuwar gwanjo ya san singileti mai tambarin Fruit of the Loom, wanda aka zana wa tuffa da inabi. Mutane da yawa za su rantse cewa akwai wani kwando mai siffar ƙaho a bayan 'ya'yan itacen, amma kamfanin ya ce bai taɓa sa shi ba. Haka kuma cakulan Kit Kat, ana tuna shi da karan ɗori tsakanin kalmomin biyu, alhali babu shi a jikin takardar.

To, me ke kawo haka? Masana halayyar ɗan Adam sun ce ƙwaƙwalwa ba ta ajiye abu kamar yadda kaset yake ajiye murya. Duk lokacin da mutum ya tuna wani abu, sake harhaɗa shi yake yi, inda ya sami giɓi sai ya cike shi da abin da ya saba gani, ko abin da ya ji daga baya. A 1974 wasu masana biyu a Amurka, Elizabeth Loftus da John Palmer, sun nuna wa ɗalibai fim ɗin haɗarin mota. Aka tambayi mutum 50 gudun motocin lokacin da suka ragargaji juna, aka tambayi wasu 50 gudunsu lokacin da suka bugi juna. Bayan mako guda aka ce, kun ga fasasshen gilashi? Mutum 16 na rukunin farko suka ce sun gani, a rukuni na biyu mutum 7. Babu gilashin da ya fashe a fim ɗin. Kalma ɗaya ce ta sauya abin da ido ya gani. Hausawa na cewa gani ya kori ji, ga shi nan ji ya shiga ya ɓata gani.

Kuskure a kan tambarin singileti ba ya cutar da kowa, abin dariya ne a majalisa. Amma mu mazauna zango, yawancin al'amuranmu a ka muke riƙe su: iyakar fili, bashin kasuwa, zubin adashe, sadaki, rabon gado, da tarihin wanda ya fara sauka a unguwa. Rigima na tasowa sai ka ji an ce, “Ai kowa ya tuna.” Mutum goma da suka shekara ashirin suna maimaita labari ɗaya a inuwa ɗaya, shaidarsu ba ta fi ta mutum ɗaya ba, domin tuni sun gyara wa juna tunani ba su sani ba. Ba maƙaryata ba ne, kuma wannan shi ya sa abin yake da haɗari, don mai gaskiya ne yake rantsuwa a kan abin da bai faru ba. Ta haka marayu kan rasa gida, zumunci ya lalace.

Saboda haka muna ba da shawara uku. Na farko, duk cinikin fili ko bashi a rubuta shi a ranar, da kwanan wata da sa hannun shaidu, da boko ko da ajami. Na biyu, masu sulhu su riƙa jin shaidu ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda mu malaman makaranta muke raba yara kafin mu tambaye su wa ya fara faɗa, kuma kada tambaya ta ɗauko amsarta. Na uku, matasa su ɗauki muryoyin dattawanmu kowa shi kaɗai, inda labarinsu ya saɓa a ajiye duka biyun.

Allah ya sa mu dace. Sai mun haɗu a wata mai zuwa.