Taurin Kan Maganaɗisu Da Ilimin Da Ba Ya Gaggawa

Ya ku 'yan'uwa ɗalibai, sau da yawa mukan ji ana yi wa abokanmu na sashen Fiziks ba'a, wai suna ɓata shekarunsu kan lissafin da ba zai sayi ko mudun gero ba. Mu dai ba mu yarda da wannan magana ba, kuma ga hujjarmu.

A shekarar 1929 wani Bajamushe, Hans Bethe, ya bayyana yadda ƙarfin lantarkin ƙwayoyin zarra da ke kewaye da wata ƙwaya a cikin ma'adini ke juya ilektaron ɗinta. A lokacin, masana ne kawai suka damu da batun. To, a ƙarafa irin su samariyam da niyodimiyam, gajimaren ilektaron ɗin ba mulmulalle ba ne. Wani kamar ƙwai yake, wani kamar faifai. Maƙwabtan ƙwayar sukan riƙe wannan gajimare ta fuska guda, shi kuma yana ɗaure da ƙarfin maganaɗisun ƙwayar. Saboda haka maganaɗisun yakan kafe a kan alƙibla ɗaya, ya ƙi juyawa. Baƙin ƙarfe ke ba da ƙarfi, niyodimiyam ke ba da taurin kai.

Sai a 1966 Karl Strnat ya nuna a Amurka cewa haɗa kobalt da irin waɗannan ƙarafa zai ba da maganaɗisu mai tsananin ƙarfi, daga nan aka samu na samariyam da kobalt. Da yaƙin Shaba na 1978 a Zayar ya sa farashin kobalt ya yi tashin gwauron zabi, masana suka bazama neman madadi. Zuwa 1984 Masato Sagawa a Japan da John Croat a Amurka sun fito da haɗin niyodimiyam, baƙin ƙarfe da boron. Yau shi ke cikin wayoyinmu, da injin motocin lantarki, da manyan injinan samar da wuta daga iska. Mai haƙuri shi kan dafa dutse har ya sha romonsa.

Ƙasar Sin ce ke ƙera kusan kashi 90 cikin 100 na irin wannan maganaɗisu, kuma da ta tsaurara fitar da wasu daga cikin ƙarafan a Afrilun 2025, masana'antun Turai da Amurka sun ji a jikinsu. Mu kuwa, a cikin tarkacen haƙar kuza na Jos akwai monazait, ma'adinin da ke ɗauke da niyodimiyam. Muddin ba mu da masu sanin sirrin ƙwayar zarra, ƙasa za mu ci gaba da sayarwa a buhu, mu sayo ta da tsada a cikin kwali.

Don haka muna kira ga hukumomin jami'o'inmu su wadata ɗakunan gwaji da kayan aiki da wutar lantarki, mu kuma mu daina raina ilimin da amfaninsa ke jinkiri.