DA TSOHUWAR ZUMA AKE MAGANI, BAN DA TSOHON BAƘIN MAI

Duk wanda ya tashi a garuruwan ƙasar nan ya san ƙarar injin niƙa mai manyan ƙafafun ƙarfe biyu, wanda ake tayarwa da hannu, ya yi ta bugawa a hankali tun hantsi har la'asar. Galibinsu ƙirar kamfanin Lister ne na garin Dursley a Ingila, wanda ya ƙera samfurin da ake kira CS daga 1929 zuwa 1987, ko kuwa kwaikwayonsa da maƙeran Rajkot ta ƙasar Indiya suka yi. Inji ne mai haƙuri, mai juyi a hankali, shi ya sa ake gadonsa kamar gona.

To, ga inda gizo yake saƙa. Sau da yawa magada sukan buɗe shagon da ya shekara biyar ko goma a kulle, su tarar da inji da mai a cikinsa, ga kuma sauran wani a galan ko duro a lungu. Sai a zaro sandar awo, a ga mai garau, a ce ai babu abin da ya same shi, a tayar. Wannan kuskure ya kashe injuna da dama waɗanda shekaru suka kasa kashewa.

Abin lura shi ne, mai iri biyu ne a nan, kuma hukuncinsu ba ɗaya ba ne.

Na farko shi ne sabon mai da ba a taɓa fasa murfinsa ba. Wannan yana da jinkirin lalacewa, domin iska da ruwa ba su samu hanyar shiga ba. Duk da haka, kamfanin Mobil yana ba da shawarar kada ajiyarsa ta wuce shekara 5, saboda sinadaran da ake zubawa don hana tsatsa da cin ƙarfe sukan raunana, wasu su kwanta a gindi. Idan kuwa an riga an fasa murfin, to kwanansa ya ragu ƙwarai. Duron da aka bari tsaye a waje ya fi haɗari: da rana iskar cikinsa takan kumbura ta fita, da dare ya zuƙi wata, har da ruwan saman da ya taru a kan murfi. Saboda haka masana suke kwantar da duro a inuwa, yadda mai zai rufe bakinsa daga ciki.

Na biyu shi ne man da ya riga ya yi aiki, sa'an nan ya kwana cikin inji. Wannan shi ne mugun. Man gas yana ɗauke da farar wuta, in ya ƙone ya haɗu da laima sai ya zama ruwa mai cin ƙarfe, ya gangara cikin mai tare da kunkunniya. Injin da ke aiki kullum yakan yi zafi ya kori laimar. Wanda ke ajiye kuwa, kowace damina sai raɓa ta taru a cikinsa, kuma da yake ruwa ya fi mai nauyi, can ƙasa yake sauka. Dauɗa ma ta bi shi ta zama laka. Watau garau ɗin da aka gani a sandar awo saman tafki ne kurum, kyan ɗan miciji. Da an tayar, sai komai ya dame, ya bi ta kan ƙarfen da ke juya fistin da kwanciyarsa mai laushi, ya kankare su. Tsofaffin injunan nan da yawa ba su da matatar mai irin ta mota da za ta tare dattin.

Akwai gwaji mai sauƙi da ba ya bukatar ko sisi. A kwance toshiyar ƙasa a tari abin da ya fara fita a kwalba mai haske. In ruwa ne, ido zai gani. In man ya yi fari-fari kamar shayi da madara, ya sha ruwa. Haka kuma in aka ɗiga shi a kan faranti mai zafi ya yi tsartsatsi kamar ana suya, hukuncin ke nan. Amma fa cin wannan jarrabawa ba shaida ba ce ta lafiya, domin ido ba ya ganin sinadarin da ya ƙare.

Abin da ya dace shi ne a juye tsohon mai baki ɗaya, a buɗe ƙofar gefe, a kwashe lakar da hannu, a wanke da kananzir, a bari ya bushe. Wannan wanki wajibi ne, domin man zamani yana da sinadarin da ke tayar da datti ya riƙe shi, saɓanin na da wanda yake barinsa ya kwanta. Zuba shi a kan tsohuwar laka tayar da zaune tsaye ne. Bayan haka a zuba sabo mai lamba SAE 30, ko 40 a lokacin bazara, a juya injin da hannu sau da yawa kafin a ba shi wuta. Mai niyyar ajiye inji kuwa, ya yi juye kafin ya kulle shago, ba bayan ya dawo ba. Tsohon man kuma kada a zubar da shi kusa da rijiya ko magudana.

Lalle tsadar mai a yau tana sa mutum ya yi ƙyashin zubar da galan guda. Sai dai kuɗin galan ba su kai ko kusa da na gyaran ƙarfen da ya ci ba, balle asarar kwanakin kaka da shago zai yi a rufe, mata suna wucewa da ƙwaryar hatsi zuwa wata unguwa. Kada garin neman gira a rasa ido.