Ziyarar Hubbare Da Sallar Matafiyi

A wannan mako za mu ba ku labarin wata tafiya da muka taɓa yi daga Bacirawa zuwa Sakkwato, domin akwai darasi a cikinta ga 'yan kasuwa da ma'aikata masu yawan bin hanya.

Bayan an gama kaka muka tashi mu da iyali, har da mahaifinmu, cikin tirelar wani ɗan'uwa da za ta ɗauko albasa. Muka bi ta Funtuwa, muka wuce Gusau. La'asar ta yi sakaliya ba mu yi ko azahar ba, direba ya ce sai mun isa Sakkwato da dare mu rama duka. Tsohon nan ya bubbuga motar har aka tsaya, ya ce, "Yaro, Shehu za mu ziyarta, kuma mu bar sallar da ya yi hijira dominta?" Muka sauka muka yi alwala, muka sallaci raka'a bibbiyu.

Gaskiyar tsoho ce. Malamanmu na mazhabar Maliku sun ce wanda tafiyarsa ta kai mil 48 ya yi ƙasaru, an kuma yardar masa ya haɗa azahar da la'asar. Amma babu wanda aka yardar wa ya bar su da gangan har rana ta faɗi. Sauƙi aka yi mana, ba a ɗauke mana farilla ba.

Kashegari muka shiga Hubbare, inda aka binne Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda ya yi hijira daga Degel zuwa Gudu a 1804, ya rasu a 1817. Daga nan muka nufi Wurno a bakin Gulbin Rima, ribaɗin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, inda ya rasu a 1837. Muka nuna wa yara fadamar gulbin, muka gaya musu cewa mutanen nan suna cikin hijira da yaƙi, amma ba su bar salla da karatu ba. Muka yi musu sallama da addu'a, muka roƙi Allah Shi kaɗai, gama ziyarar kabari tunatarwa ce ga Lahira.

To, jama'a, a yau hanyar nan tana fama da 'yan bindiga, shiga bayan tirela kuma kasada ce da ba mu ba kowa shawararta. Amma duk inda muka nufa, fatauci ko aikin gwamnati, mu shirya da direba tun a tasha inda za a tsaya salla. Ribar da aka saya da farilla hasara ce.

Allah Ya kiyaye hanyoyinmu, Ya jiƙan magabata, amin.