Zauren Malam: Kada Ku Goge Tsohon Anini

Zancenmu na wannan wata a kan tsofaffin kuɗi ne.

Duk mai karanta Markus sura 12 ya san gwauruwar nan da ta zuba anini biyu a baitulmali. Markus ya ce biyun daidai suke da kwadaran ɗaya, wato ƙaramin kuɗin tagulla na Romawa. Kwadaran 64 ke yin dinari ɗaya na azurfa, ladan yinin ɗan ƙodago. Kun ga ƙanƙantar abin da ke hannunta, amma duka ta bayar.

Har yau akwai masu tara kuɗin tagullan nan na Roma, suna karanta su kamar littafi. Manyansu na ɗauke da kan Kaisar, da sunansa da muƙamansa kewaye, da haka ake gane zamanin da aka buga su. A baya sau da yawa akwai haruffa biyu, S da C, ma'ana da iznin majalisar dattawa. Shekaru sun rufe su da wani koren launi. Masana ba sa kankare shi, gama da zarar an goge, daraja ta zube.

To, mu ma muna da namu. A gidaje da yawa daga Talata Mafara zuwa Bakura da Maradun ba a rasa anini ko kobo mai huji a gindin adakar kaka. An fara buga su a 1907. Ku duba da kyau, za ku ga tauraro mai tsini shida, da rubutun Larabci, da shekara, da sunan Sarkin Ingila. Wanda ya sami na 1936 mai sunan Edward na Takwas ya riƙe shi da kyau, gama sarkin nan bai cika shekara bisa gadon sarauta ba.

Saboda haka kada ku goge su da toka ko lemun tsami, kada kuma ku kai wa maƙeri. Ku naɗe kowane a takarda, ku ajiye inda babu laima. Da dare ku ba yara su karanta shekarar, kaka kuwa ta faɗa musu abin da anini ke saye a kasuwa kafin naira ta zo a 1973. Ku rubuta amsarta tun tana da rai, gama anini ya fi mai shi daɗewa.

Sai wata mai zuwa, in Ubangiji ya yarda.