Tsohuwar Zuma Ko Sabon Yayi: Shawara Ga Mai Neman Kwamfuta

A zauren dattawanmu na Unguwar Hausawa a nan Gidar an shafe makonni ana jayayya a kan kwamfutar tafi-da-gidanka. Jama'a sun yi karo-karo domin a sayi guda, a adana takardun aure, da rabon gado, da hotunan rubuce-rubucen ajami da gara ta fara ci. Da aka je kasuwar Garwa sai aka tarar da biyu: tsohuwar ƙira da aka karya wa farashi, da sabuwa fil mai tsada. Matasa suka ce araha ba ta ado, dattawa suka ce da tsohuwar zuma ake magani. Kuɗin nan amana ce, har da taron sisin zawarawa a ciki, shi ya sa muka ga ya dace mu bayyana matsayinmu.

Mu dai mun karkata ga tsohuwar, amma bisa sharuɗɗa.

Sharaɗi na farko shi ne shekarunta. Ranar 14 ga Oktoba, 2025, kamfanin Microsoft ya daina tallafa wa manhajar Windows 10 kamar yadda ya saba. Wadda ta gaje ta, Windows 11, tana buƙatar, a na'urori masu ƙwaƙwalwar Intel, zubi na 8 zuwa sama, wanda ya fara fitowa a 2017, da ma'ajiyar da ba ta gaza gigabait 64 ba. Kwamfutar da ta girmi wannan iyaka za ta kunnu, za ta yi rubutu, amma ƙofarta a buɗe take ga ɓarayin intanet. Wanda ya zuba sirrin gadon marayu a cikinta ya sayi rariya, kada ya yi mamaki idan ruwa ya zube.

Sai dai sabunta ita kaɗai ba hujja ba ce. Mun ga darasi a ƙasar nan. Kwamfutoci 500,000 masu suna PB HEV da gwamnatin Kamaru ta fara raba wa ɗaliban jami'o'i a ƙarshen 2017 sababbi ne a kwalinsu, amma ma'ajiyarsu gigabait 32 ce kacal, ɗalibai suka yi ta kukan ƙarancin wuri. Har yau akwai irinsu a shaguna, sirara masu sheƙi, an manne kayan cikinsu yadda ba a iya ƙara musu komai. Tsohuwar ThinkPad ko Latitude da aka ƙera domin ma'aikatu ta fi su ƙwari, kuma mai gyara a Garwa ko Marwa zai iya buɗe ta ya canza mata batir.

Sharaɗi na biyu shi ne yanayinmu. A watannin Maris da Afrilu zafi yakan haura maki 40, ƙurar hunturu kuma tana toshe hanyar iskar na'ura. Wutar yankin nan ta daɗe tana dogara da madatsar Lagdo, idan ruwa ya ja baya sai a shiga rabon wuta, ko da yake tashar hasken rana da aka kafa a Gidar ta kawo sauƙi. Saboda haka a caja batir ya cika, a zare waya, a zauna a gaban mai shago a ga awa nawa zai ɗauka. A duba allon haruffa kuma: kayan da ke shigowa ta Mubi galibi tsarin Ingilishi ne, yaranmu kuwa sun saba da na Faransanci, kuma ko wanne aka ɗauka sai an saita shi kafin ya rubuta ɓ, ɗ da ƙ.

Sharaɗi na uku mun koye shi tun muna gaban malam. Babin ciniki na Risala ya hana ɓoye aibin kaya, ya kuma ba mai saye damar mayar da abin da ya samu da aibi. A nemi ɗan kasuwa ya faɗi abin da aka taɓa gyarawa, a rubuta yarjejeniyar mayarwa da adadin kwanakinta, a kafa shaidu. Wanda ya ƙi rubutawa, a bar masa kayansa.

Ba mu raina hujjar matasa ba. Mai karatun zane ko haɗa bidiyo, wanda zai riƙe na'ura shekaru masu yawa, sabuwa mai ƙarfi ta fi masa. Aikin zaurenmu kuwa rubutu ne da adana hotuna. Rarar kuɗin da za ta saura gara a sayi ma'ajiya ta waje, a kwafe komai a ajiye a wani gida dabam, domin kwamfuta, tsohuwa ko sabuwa, ranar mutuwarta ba ta sallama.

Allah Ya ba mu ikon riƙe amana, Ya sa albarka a abin da aka tara.