Lafiyar Marina a Karofin Ƙofar Mata

Ma'aunin duniya na kiyaye lafiyar ma'aikata, ISO 45001, wanda aka fitar a 2018, ya sharɗanta cewa kafin a tsara komai wajibi ne a fahimci halin da wurin aiki yake ciki, da mutanen da al'amarin ya shafa. A ganinmu babu inda wannan sharaɗi ya dace kamar karofin Ƙofar Mata da ke Birnin Kano, wanda ake cewa an kafa shi tun 1498.

Domin kuwa Dokar Masana'antu ta 1987 an rubuta ta ne da tunanin kamfani mai manaja da injuna, alhali marinin da ke tsugune a bakin rami, ruwan baba da toka sun rine masa hannu har gwiwa, ba ya ƙarƙashin kowa face mahaifinsa ko maigidansa, yaron da ke koyo a gefensa kuma ba shi da suna a wata takarda. Ga shi yau sinadaran kanti, irin su soda mai cin fata, sun shigo sana'ar rini a cikin Birni, har ruwansu yakan malala kwatamin da yara ke tsallakawa zuwa makarantar allo, abin da ke tayar mana da hankali ƙwarai.

Malaman fiƙihu sun sanya kiyaye rai cikin manyan maƙasudan shari'a. Saboda haka muna roƙon hukuma, kafin ta rubuta wata ƙa'ida, ta zauna da shugabannin marina da masu unguwanni, ta ji daga bakinsu wane rami ne ke buƙatar murfi, wace safar hannu ce kuma marini zai jure aiki da ita cikin zafin bazara.