Kafin ka kashe kuɗinka a kan fikof ɗin gitar bes, karanta wannan

Yau ba zancen waya za mu yi ba, amma dai ba mu yi nisa da ita ba.

Makon jiya wani abokina mai kaɗa gitar bes ya kawo min tasa shago in liƙe masa ramin da ake soka kebul, dalmar ta saki. Ina cikin aiki sai ya nuna min bidiyo a wayarsa, wani Bature yana gwada fikof kala uku. Wai ya gama tara kuɗi, zai yi odar wanda ya fi yi masa daɗi a kunne. Na ce masa dakata tukuna. Abin da na faɗa masa shi zan faɗa maka.

Da farko, mene ne fikof? Ba motar a-kori-kura ba ce. Shi ne baƙin abin nan da ke kwance a ƙarƙashin tsirkiyoyin gita. A cikinsa maganaɗisu ne da aka naɗe da siririyar wayar jan ƙarfe zagaye dubbai. In tsirkiyar ƙarfe ta girgiza a kansa, sai ya haifar da 'yar wuta kaɗan, ita ce amfilifaya ke ƙara wa ƙarfi. Duk mai gyaran waya ya san wannan haɗin, don sifikar waya ma kwail ce da maganaɗisu. Ita tana mayar da wuta sauti, shi kuma yana mayar da girgiza wuta.

Kala uku ne aka fi gardama a kansu.

Na ɗaya, na Precision. Kamfanin Fender na Amurka ya fitar da gitar a 1951, a 1957 kuma ya raba fikof ɗin gida biyu, kowane rabi na kula da tsirkiya biyu. Amonsa mai kauri ne, yana cika tsakiyar kiɗa. Shi James Jamerson ya kaɗa a waƙoƙin Motown.

Na biyu, na Jazz Bass, wanda ya fito a 1960. Fikof biyu ne sirara, ɗaya ta wajen wuyan gita, ɗaya kusa da jaki, wato inda tsirkiyoyi suka zauna a gindi. Na wajen wuya ya fi taushi, na wajen jaki yana da gurnani da kaifi, irin amon da aka san Jaco Pastorius da shi. In ka buɗe biyun tare, tsakiyar sautin na ɗan lafawa, shi ya sa masu marin tsirkiya da babban yatsa irin su Marcus Miller ke son sa.

Na uku, na StingRay, da kamfanin Music Man ya fitar a 1976. Ƙato ne guda ɗaya mai kwail biyu a kusa da jaki, kuma gitar na da 'yar na'ura a ciki mai amfani da batir 9V. Amonsa tsaf-tsaf, yana ratsa ganga da fiyano.

To ga inda matsalar take. Tsirkiya mafi kauri a bes mai tsirkiya huɗu tana girgiza kusan sau 41 ne a daƙiƙa. Sifikar waya ba ta iya fitar da wannan, wallahi ko kusa. Kullum ina cire ta ina sakawa, ba ta kai faɗin farcen babban yatsa ba. Abin da kake ji a bidiyo saman sautin ne kawai, gindin ya ɓace. Ka ga kenan fikof mai kaifi shi zai ci gasar a waya ko da yaushe. Kamar ka zaɓi miya ne da ƙamshi ba ka ɗanɗana ba.

Ni a ra'ayina, in bes ɗaya gare ka kuma a nan gida kake kiɗa, na Precision ya fi maka. Dalilina na farko wutarmu ce. Fikof mai kwail ɗaya kamar eriya yake, yana kwaso ƙugin lantarki, wanda a Najeriya da Nijar 50 Hz ne. Haɗa da janareta da wayarin da ba a yi masa at ba, ka ji zuuu tun kafin ka taɓa tsirkiya. Na Jazz yana yin shiru ne kawai in ka buɗe biyun daidai wa daida, kana rage ɗaya ƙugin zai dawo. Na Precision kuwa an naɗa rabi biyun ne a saɓa, suna kashe ƙugin junansu. Na biyu, babu ruwansa da batir. Mai batir in ka bar kebul a soke ya kwana, batirin na ci gaba da zuƙewa, wata rana ana tsakiyar biki sauti ya fara karkarwa. Na uku, amonsa na tsakiya ne, ko a ƙaramar sifika ana jin sa.

Ban ce sauran ba su da kyau ba fa. Mai son marin tsirkiya zai fi jin daɗin Jazz ko StingRay, kuma StingRay ma ba ya ƙugi. Akwai gitocin da aka haɗa musu na Precision da na Jazz a jiki ɗaya, ga mai son duka biyun.

Amma kafin ka sayi komai, gwada abu uku. Canza tsirkiya, don tsohuwa mai datti tana kashe amo, sai ka ɗora wa fikof laifi. Juya sukurorin gefensa ka ɗaga shi ko ka sauke shi kaɗan, kusa da tsirkiya ƙara na ƙaruwa, in ya yi kusa da yawa sauti na lalacewa. Sannan in dole sai ka saurari bidiyon gwaji, sa babban iyafis mai rufe kunne, ko ka jona da sifika mai ƙarfi.

Abokin nawa dai ya canza tsirkiya, mun daidaita tsayin fikof ɗinsa, kuɗin odar na nan a aljihunsa. Kai wanne kake kaɗawa, kuma ya yake yi in an tayar da janareta?